Kamfani ya sa waƙata a tallarsa ba da izinina ba: me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mawaƙi ne mai zaman kansa, ba na ƙarƙashin kowane kamfanin waƙa. Wani kamfanin takalma mai rassa da yawa ya ɗauki amshin wata waƙata da muryata ya ɗora a kan bidiyon tallarsa a Instagram da TikTok, har biyan kuɗi suke ana tura tallar. Wani abokina kuma ya ce ya ji waƙar tana tashi a lasifika a cikin wani reshensu. Ba wanda ya tuntuɓe ni. Da na yi musu magana ta saƙo, mai kula da shafin ya ce za su rubuta sunana a ƙasan bidiyon, wai ai talla suka yi mini kyauta. Abokaina wasu na cewa in tona musu asiri a intanet, wasu na cewa in kai ƙorafi a sauke bidiyon. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Cikin shawarwarin nan biyu kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna. Kowacce tana da ranarta, amma in ka fara da su kai za ka yi asara. Abin da kake nema shi ne a biya ka kuɗin amfanin da aka yi da waƙarka, kuma bidiyon nan da ke yawo yanzu shi ne babbar hujjarka, shi ne kuma zai tilasta wa kamfanin ya zauna da kai. Ranar da aka sauke shi sun huta. Za su ɗora wani kiɗan su ci gaba da sayar da takalmansu, a bar ka da ɓacin rai.

Don haka yau, kafin ka sake rubuta musu ko harafi ɗaya, ka tattara shaida. Hoton allo kaɗai bai isa ba, don ba ya ɗaukar sauti, rigimar kuwa a kan sauti take. Kunna naɗar allon wayarka, ka fara daga saman shafin kamfanin inda sunansu da tambarinsu suke, ka gangaro zuwa bidiyon, ka bar shi ya yi tun daga farko har ƙarshe da murya a buɗe. Ka nuna ranar da aka ɗora shi, da yawan waɗanda suka kalla, da alamar nan da ke nuna an biya kuɗi ana tura shi. Ka kwafi adireshin kowane bidiyo ka ajiye. Ka leƙa duk inda suke da shafi, har da YouTube da Facebook da shafinsu na intanet, domin kamfani ba ya kashe kuɗi ya shirya talla saboda dandali ɗaya. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yana da rumbun tallace-tallace da kowa zai iya shiga, Meta Ad Library. In ka rubuta sunan kamfanin za ka ga tallolin da suke gudana a Facebook da Instagram da ranar da kowacce ta fara. Wannan ma ka naɗe shi da wuri, don tallar kasuwanci yawanci tana ɓacewa daga can da zarar an dakatar da ita. In akwai fitattun 'yan intanet da kamfanin ya biya suka yi rawa da takalman a kan waƙarka, ka tattara nasu su ma. Abokin nan naka kuma ya koma reshen ya ɗauki gajeren bidiyo da ke nuna wurin yayin da waƙar ke tashi, ya rubuta rana da lokaci.

Saƙon da mai kula da shafin ya turo maka, ka riƙe shi da hannu biyu. Bai musa cewa waƙarka ce ba, bai ce suna da izini ba, kuma tun daga ranar da ya amsa maka kamfanin ya rasa bakin cewa bai sani ba. A ƙasashe da yawa kotu tana bambanta wanda ya taka haƙƙin wani cikin rashin sani da wanda aka gaya masa ya ci gaba da abinsa. Kada kara ta sa ka rubuta masa "to shi ke nan, na gode". Lauyansu zai ɗaga wannan saƙon ya ce ka yarda.

Sai tambayar da mawaƙa ba sa son a yi musu: waƙar taka ce kai kaɗai? A idon doka, abin da kake kira waƙata dukiya biyu ce a haɗe. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da kari, abin da wani zai iya rerawa ko babu kiɗa. Wannan na waɗanda suka tsara ta ne. Akwai kuma naɗin da aka yi a situdiyo, wanda 'yan sana'a ke kira masta, wannan kuwa na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne, ko wanda yarjejeniya ta damƙa wa. Kamfanin da ya ɗora muryarka a tallarsa ya taɓa duka biyun, kuma izini biyu ya kamata ya nema. In kai ne ka tsara ka kuma biya kuɗin situdiyo, to kai kaɗai za a nema. Amma ba kasafai abin yake tsaf haka ba. Furodusan da ya haɗa maka kiɗa yana iya zama yana da kaso a waƙar, musamman in ba ku rubuta komai a tsakaninku ba. In kuma a intanet ka sayi kiɗan da lasisin haya, je ka karanta takardar yanzu: irin wannan lasisin yawanci yana barin mallakar kiɗan a hannun furodusa, yana ba shi kaso a waƙar, sau da yawa kuma yana hana ka ba da ita a yi talla da ita sai da yardarsa. Wannan bai wanke kamfanin ba, amma yana nufin ba kai kaɗai za ka sa hannu a sulhu ba, kuɗin ma ba naka ba ne kai ɗaya.

Idan kuwa akwai guntun sautin waƙar wani da ka yanko ka sa a taka ba tare da izini ba, ka gaya wa lauyanka tun kafin a aika takarda. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma abu na farko da lauyan kamfani yake yi shi ne ya bincika ko mai ƙorafin ya mallaki abin da yake iƙirari.

Ka shiga asusunka na kamfanin da ke rarraba maka waƙoƙi, ko DistroKid ne ko TuneCore ko CD Baby ko waninsu, ka duba abubuwan da ka amince da su ranar da kake ɗora waƙar cikin ɗoki. Kusan kowa yana yarda a kai waƙarsa rumbun kiɗa na TikTok da na Instagram. Wasu masu rarrabawar kuma suna da tsarin da in ka shiga, ka ba su ikon sayar da lasisin waƙarka ga masu talla da masu fim a madadinka. In ka shiga irin wannan, mai yiwuwa kamfanin takalman ya biya wani da gaske, kuɗinka kuma yana kan hanya ko ya maƙale a wani wuri. Gara ka san haka kafin ka kira mutum ɓarawo a rubuce.

In ka tabbatar ba ka ba kowa wannan ikon ba, to ga uzurin da za ka fi ji daga bakinsu: "Ai a cikin manhajar muka same ta." Wannan uzurin ba ya tsayawa. Waƙoƙin da ke babban rumbun TikTok da Instagram an tanade su ne don amfanin mutane na kansu, ba don kamfani ya tallata kayansa ba. Shi ya sa TikTok ya ware wani rumbu daban na kiɗan da aka yarda 'yan kasuwa su yi amfani da shi, Meta ma yana da nasa tarin sautukan da aka tanada don haka. An riga an gwada wannan uzurin a kotu. A 2022 wani alƙalin tarayya a jihar Florida ta Amurka ya yanke cewa kamfanin da ke yin abin shan Bang Energy ya keta haƙƙin kamfanin waƙa na Universal Music a bidiyoyin TikTok sama da ɗari, duk da kamfanin ya ce shi ya ɗauka TikTok ya ba shi izini. Abin da alƙalin ya tsaya a kai shi ne, zaton kana da izini ba ya zama izini.

Sauran uzurorin ma haka suke. Zancen "daƙiƙa goma sha biyar kawai muka ɗauka" tatsuniya ce da ta daɗe tana yawo. Babu wani adadin daƙiƙoƙi da doka ta ce halal ne, kuma abin da ake dubawa shi ne ko an ɗauki muhimmin sashe. Amshi kuwa shi ne zuciyar waƙa, shi ya sa suka zaɓe shi. Sassaucin da dokoki ke yi na amfani da aikin wani ba izini an yi shi ne don abubuwa irin su sharhi, suka, labarai da koyarwa, kuma da wuya tallar takalmi ta shiga ciki a kowace ƙasa. In sun ce kamfanin talla ne ya haɗa musu bidiyon, wannan tsakaninsu ne da shi. Wanda ya wallafa a shafinsa ya ci moriya, shi ma yana da alhaki, sai dai daga baya ya bi ɗan kwangilarsa ya fanshe. Batun rubuta sunanka kuwa, kamar mutum ne ya shiga gidanka ya zauna wata uku ba haya, da ka yi magana ya ce zai rubuta sunanka a jikin ƙofa. Ambaton sunan mai aiki wani haƙƙi ne mai zaman kansa, wanda aka shigar cikin Yarjejeniyar Bern, ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, tun 1928. Cika shi ba ya biyan kuɗin lasisi.

Waƙar da ke tashi a cikin shago magana ce daban, kuma hanyarta daban ce. Talla, da mai waƙa ake ciniki kai tsaye, ya ce na yarda ko ban yarda ba, ya faɗi kuɗinsa. Sa kiɗa a bainar jama'a kuwa, a shago ko otal ko gidan abinci ko wurin motsa jiki, ba wanda zai iya bin mawaƙa ɗaya bayan ɗaya yana neman izini, shi ya sa aka kafa ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi a madadin mawallafa. Asalin abin a Faris ne a 1847, lokacin da wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya shiga rigima da wani gidan shaƙatawa da ake rera waƙoƙinsa ba a biyansa, kotu ta ba shi gaskiya, daga nan aka kafa irin wannan ƙungiya ta Faransa, SACEM, a 1851. ASCAP a Amurka da PRS a Birtaniya duk a 1914 aka kafa su, BMI a 1939. A 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da mawallafi Victor Herbert ya kai wani gidan abinci da ya ce ai shi ba ya karɓar kuɗin shiga don kiɗa. Alƙali Holmes ya ce da kiɗan ba ya kawo riba, da tuni an daina sa shi. Har yau wannan ce amsar duk ɗan kasuwar da ya ce maka shi ba waƙa yake sayarwa ba.

Ma'anar wannan a wurinka ita ce, in kamfanin yana biyan lasisin shekara ga ƙungiyar ƙasarsa, kai kuma ɗan ƙungiya ne ko ɗan wata da ke da yarjejeniya da ita, to bai yi laifi ba da ya sa waƙarka a shago, kuma kasonka ta wurin ƙungiya zai zo. Yawancin ƙungiyoyin nan in ka shiga, su kake damƙa wa wannan haƙƙin, su ne kuma masu bin wanda bai biya ba. In ba ya biyan kowa, wayar wani ma'aikaci kawai aka jona da lasifika ana kunna Spotify, wannan ya saɓa wa sharuɗɗan Spotify ɗin kansa, don rajistar mutum ɗaya ta sauraron kai ce, ba ta wurin kasuwanci ba. Ƙasashen da suka bi Yarjejeniyar Rum ta 1961, mai kare haƙƙin mawaƙa da masu naɗi, da yawa suna ba mai murya da mai masta nasu kason a irin wannan amfanin, kamar yadda ƙungiyar PPL ke karɓa a Birtaniya. Amurka ba ta bi ba: a can mawallafi kaɗai ake biya in an sa waƙa a shago, kuma wata doka ta 1998 ta yafe wa ƙananan shagunan da ba su kai ƙafa murabba'i 2,000 ba in rediyo ko talabijin kawai suke kunnawa.

A ganina kada ka zuba ƙarfinka a kan wannan ɓangaren. Kuɗin da waƙa ɗaya ke samu daga lasifikar shago kaɗan ne ƙwarai. In ba ka cikin ƙungiya, ka shiga, ka yi wa waƙoƙinka rajista da sunayen masu kaso, ka kai musu rahoton reshen. Bidiyon da abokinka ya ɗauka kuma ka ajiye shi a matsayin ƙarin hujja cewa kamfanin ya mayar da waƙarka tamkar takensa. Kuɗin yana wurin tallar.

Yanzu sai wasiƙa. Ka daina magana da mai kula da shafi. Yawanci ƙaramin ma'aikaci ne ko ɗan kwangila, ba shi da ikon biyan ko sisi, kuma babban burinsa shi ne kada maganar ta kai kunnen na sama da shi. Ka rubuta wa sashen shari'a na kamfanin ko shugaban sashen talla, in ƙaramin kamfani ne kuwa mai shi da kansa, ta hanyar da za ta bar shaidar cewa an karɓa. Wasiƙar ta zama gajeriya, babu zagi, babu labarin wahalar da ka sha a situdiyo. Ka faɗi sunanka da sunan waƙar da lambar ISRC ɗinta, wato lambar shaidar naɗin wadda mai rarrabawa ya ba ka. Ka faɗi abin da ka mallaka a cikinta. Ka jero adireshin bidiyoyin da ranakun da ka gan su. Ka ce ba ka ba da izini ba, in kuwa suna ganin suna da shi su turo kwafi. Ka nemi su gaya maka duk inda aka yi amfani da waƙar, da ranar da aka fara, da ƙasashen da aka tura tallar. Sannan ka ce a shirye kake a daidaita a kan kuɗin abin da ya wuce, da lasisi in suna so su ci gaba, ka ba su wa'adi, kamar kwana goma sha huɗu. Ka rufe da cewa wannan tayin bai zubar da wani haƙƙinka ba.

Abu ɗaya kada ya shiga wasiƙar: "ku biya ni ko in tona muku asiri", ko "ku biya ni ko in sa a kama ku". Cewa za ka je kotu haƙƙinka ne. Amma haɗa neman kuɗi da barazanar ɓata suna, a ƙasashe da dama ana iya fassara shi da karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa, sai mai gaskiya ya koma mai kare kansa. In da hali, lauya ya rubuta a kan takardar ofishinsa. Kalmomin iri ɗaya ne, amma amsar da ake bayarwa ba iri ɗaya ba ce, kuma kuɗin rubuta wasiƙa ɗaya ba ya kama ƙafar kuɗin shari'a.

Nawa za ka nema? Nan ne mawaƙa suke faɗawa rami ta gefe biyu: wani ya karɓi abin da bai kai kuɗin situdiyo ba don murnar babban kamfani ya san da shi, wani kuma ya faɗi adadin da zai sa su miƙa wa lauyoyi su manta da shi. Babu farashi tsayayye, amma akwai ma'aunan da duk mai sayar da lasisin talla yake amfani da su. Tsawon lokacin da tallar ta yi tana gudana. Ƙasashen da ta kai. Ko a intanet kawai take, ko ta shiga rediyo da talabijin. Ko ɗorawa kawai suka yi a shafinsu, ko sun biya an tura ta, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Girman kamfanin da yawan kuɗin da ya ware wa tallar. Da kuma ko za su hana ka ba wani mai sayar da takalma waƙar, domin a zahiri sun riga sun hana ka: ba kamfanin da zai sayi amshin da jama'a suka riga suka haɗa da kishiyarsa. Wannan asarar ka sa ta a lissafi. A al'adar sana'ar, kuɗin ɓangaren waƙa da na ɓangaren masta yawanci daidai ake yin su, to in kai ke da duka biyun, kuɗi biyu kake bi. Ka tambayi wani mai buga waƙoƙi, wato kamfanin da ke kula da haƙƙin masu tsara waƙa, ko lauyan harkar nishaɗi abin da ake biya a kasuwarku a kan irin wannan amfanin, sannan ka ɗora a kai. Dalilin ƙarin a bayyane yake: in wanda ya ɗauka ba izini zai biya daidai da wanda ya nemi izini, ba wanda zai sake neman izini.

Za ka ji labarin manyan kuɗaɗe. A 2014 masu taya alƙali yanke hukunci a New York sun ba ƙungiyar mawaƙa ta Beastie Boys dala miliyan 1.7 a kan kamfanin Monster Energy saboda wani bidiyon talla. A 2019 masu buga waƙoƙi sun maka kamfanin kekunan motsa jiki na Peloton a kotu suna neman dala miliyan 150 a kan waƙoƙi sama da dubu, aka yi sulhu a 2020. Waɗannan suna nuna maka doka tana gefenka, amma kada ka auna naka da su. Sanannun waƙoƙi ne, a kotunan Amurka, da lauyoyin da ba sa gajiya.

In wa'adi ya cika ba su amsa ba, ko suka ce ka yi abin da za ka yi, lokacin ne shawarar abokanka ta biyu ke aiki. Instagram da TikTok da YouTube duk suna da fom na ƙorafin keta haƙƙin mallaka, kuma tsarinsu ya samo asali ne daga dokar DMCA ta Amurka ta 1998. Kana cikewa, in komai ya cika, sukan sauke bidiyon, shafin kuma a rubuta masa laifi. Laifin in ya taru ana iya rufe shafin gaba ɗaya, kuma kamfanin da ya yi shekaru yana tara mabiya yana tsoron wannan fiye da wasiƙar lauya. Amma ka san abin da kake sa wa hannu. Kana rantsuwa ne cewa kai ne mai haƙƙin ko wakilinsa, kuma wanda ya yi ƙarya da gangan ana iya bin sa diyya. Sunanka da imel ɗinka yawanci ana miƙa wa wanda ka yi ƙorafi a kansa. Shi ma yana da ikon ƙalubalantar ƙorafin, kuma in ya yi, za a mayar da bidiyon cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14, sai dai in ka nuna ka shigar da ƙara. Dandalin kuma ba zai karɓo maka ko kwabo ba. Wuri ɗaya da nake cewa a sauke nan take ba jira shi ne in an haɗa muryarka da abin da zai zubar maka da mutunci, kamar caca ko giya ga wanda ba ya hulɗa da su, ko ɗan siyasar da ba ka goyon baya. A nan kowace rana da bidiyon ya ƙara, ɓarnar ta fi kuɗin.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma lissafi ake yi kafin a shige ta. Ba sai ka yi wa waƙa rajista kafin ta zama taka ba. Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suke ciki, ta hana a gindaya wa mawallafan sauran ƙasashe sharaɗin rajista, ta kuma wajabta wa kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan ƙasa. Amma dokar ƙasar da aka yi ɓarnar ita ke aiki, kuma bambancin yana da yawa. A Amurka, wanda ya yi rajista a kan lokaci, wato kafin a taka haƙƙin ko cikin wata uku da fitar da waƙar, yana iya neman diyyar da doka ta ƙayyade, daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki, har zuwa 150,000 in da gangan ne. Wanda bai yi ba sai ya tabbatar da asararsa ta zahiri ko ribar da aka ci da aikinsa. A yawancin sauran ƙasashe ma'aunin da kotu ke farawa da shi shi ne kuɗin da da an nemi izini za a biya, wani lokaci da ƙari in an yi ganganci. Akwai wuraren da aka sauƙaƙa wa ƙananan masu ƙara: a 2022 Amurka ta buɗe wani kwamitin ƙananan ƙararrakin haƙƙin mallaka mai iyakar dala 30,000, kodayake wanda ake ƙara yana da ikon ƙin shiga, a Ingila kuma kotun harkokin mallakar fasaha tana da sashen ƙananan ƙararraki har zuwa fam 10,000. Akwai kuma wa'adin shigar da ƙara, shekara 3 a Amurka, 6 a Ingila. Ka tambayi lauya a ƙasarku nawa ne naku, da abin da shari'ar za ta ci, da wanda zai biya kuɗin lauyoyi in an faɗi. In abin da za ka samu bai kai abin da za ka kashe ba, ka tsaya a kan sulhu da fom ɗin saukewa.

Tona asiri a intanet yana aiki wani lokaci, ba zan ce ba ya yi ba. Amma harsashi ɗaya ne. Kamfanin da aka riga aka kunyata ba shi da sauran abin da zai saya da kuɗinsa, kuma kalma ɗaya da ta wuce abin da za ka iya tabbatarwa ta isa a juyo da ƙarar ɓata suna kanka. In har za ka yi, bayan wasiƙa ta faskara, ka tsaya a kan abin da ke cikin naɗinka: ga waƙata, ga tallarsu, ban ba da izini ba, na rubuta musu ranar kaza ba su amsa ba.

Mafi yawan irin wannan rigimar a kan tebur take ƙarewa, kuma nan ne za a miƙo maka takardar da lauyansu ya rubuta. Karanta ta a natse. Ta raba kuɗin abin da ya wuce da kuɗin amfani na gaba, kowanne da adadinsa. Yafewar da za ka yi ta tsaya a kan bidiyoyin da aka jero da sunansu da ranakunsu, kada ta zama ka yafe "duk wani amfani" da ba ka ma san da shi ba. In za su ci gaba, a rubuta dandalin da aka yarda, da ƙasashen, da ranar da lasisin zai ƙare, da abin da za a yi da tsoffin bidiyoyin bayan ranar, har da na 'yan intanet ɗin da suka biya. Ka lura da duk wata jimla da ke cewa ka sallama ko ka mallaka musu, ko "har abada", ko "a kowace kafa da ake da ita ko za a ƙirƙira nan gaba". Lasisi kake bayarwa na ɗan lokaci, ba sayar da waƙa kake yi ba. Za su so ka tabbatar a rubuce cewa kai kaɗai ne mai haƙƙin, kuma in wani ya taso kai za ka biya. In furodusanka yana da kaso, kada ka sa hannu a wannan sai shi ma ya sa, ko a rubuta cewa kasonka kaɗai kake bayarwa. Sannan a rubuta ƙarara cewa yafewar ba ta fara aiki sai ranar da kuɗin ya shiga asusunka, ba ranar da aka sa hannu ba.